Ba Gwamnati Ce Ke Cinye Sulusin Mamaci Ba



Akwai wata magana da ta shigo unguwar nan tun ƙarshen shekarar 2024, har yau ta ƙi mutuwa. Wai kada mutum ya kuskura ya rubuta wasiyya. Wai kada ka sa hannu a takarda cewa ka bar wa masallaci ko Islamiyya ko marayu wani abu daga dukiyarka, domin da zarar an rubuta gwamnati za ta gani, ta zo ta yanki rabonta tun ba a share makoki ba. Ana faɗar ta a rumfar mai shayi, ana faɗar ta a kasuwa wajen awon riɗi, kuma abin takaici, an faɗe ta a kan mumbari.

Wannan magana ƙarya ce. Kuma ƙarya ce mai amfanar wasu mutane, shi ya sa ta yi tsawon rai. Ni ɗan kasuwa ne, kuma nakan ja salla in liman ya yi tafiya, saboda haka ana kirana zaman rabon gado fiye da yadda nake so. Abin da idona ya gani a irin waɗannan zama shi ne, sulusin da mamaci ya ware don Allah ba ma'aikacin haraji ne ke cinye shi ba. 'Ya'yan mamacin ne, da ƙannensa, wani lokaci har da wanda aka ba amanar.

Bari mu fara da asalin tsoron, don kada a ce na share shi da baki.

Gaskiya ne Najeriya ta taɓa yin harajin gado. Gwamnatin soja ta Obasanjo ce ta kafa shi a 1979, a kan dukiyar da ta tashi daga hannu zuwa hannu ta hanyar kyauta ko mutuwa. Bai yi wani tasiri ba, aka soke shi a 1996, zamanin Abacha, shekarar da aka yanke jiharmu daga Filato. Tun daga nan babu wata dokar tarayya da ta ce in mutum ya mutu a ba gwamnati kaso kaza na abin da ya bari. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin haraji guda huɗu. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba, amma babbar rigimarsu a kan rabon kuɗin VAT ce. Ana cikin haka aka hango wani layi a ɗaya daga ƙudurorin da ke maganar haraji a kan kuɗin shigar iyali, wato dukiyar gida da ba a san rabon kowa a cikinta ba. Nan ƙura ta tashi, aka ce ga harajin gado ya dawo ta bayan gida. Shugaban kwamitin da ya tsara dokar, Taiwo Oyedele, ya fito ya ce layin yana nan a tsohuwar doka tun da daɗewa. Mutane ba su gamsu ba, kuma ni ban ga laifinsu ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. 'Yan majalisa suka gyara layin, suka fitar da abin da dukiyar gado ta haifa kafin a raba ta. Aka sa wa dokar hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Babu harajin gado a cikinta.

To, ihun da aka yi ya yi rana, an gyara abin da ake tsoro. Amma me ya sa masu ihun ba su koma kan mumbarin nan sun ce jama'a an gyara ba? Wanda ya sanar da gobara shi ya kamata ya sanar an kashe ta. Shiru suka yi, aka bar talaka da tsohon labari.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, harajin da ake magana a kansa sunansa harajin kuɗin shiga. Nono yake bi, ba ya bin saniya. In Alhaji ya rasu ya bar gida da shaguna da gona, miƙa su ga magada ko ga masallaci ba kuɗin shiga ba ne. Amma hayar da shagon zai kawo, da ribar da jarin zai haifa, wannan kuɗin shiga ne, kuma doka za ta tambayi a hannun wa ya faɗa. Amsar wannan tambaya ita ce dukan maganar, kuma takarda ce ke ba da ita. Zan dawo kanta.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san jerin. Ana fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba wa magada abin da ya rage. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya ba da mafi yawan dukiyarsa. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Mu ɗauka mutum ya bar dukiyar naira miliyan 30, aka biya bashi da hidimar jana'iza miliyan 3. Saura 27. In ya yi wasiyya da sulusi, miliyan 9 ba ta magada ba ce. Ko kwabo ɗaya a ciki ba su da shi. Ba alfarma za su yi wa masallaci in sun bayar ba, haƙƙi ne da ya riga nasu fita, kuma ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun maimaita wannan sharaɗi har sau huɗu.

Yanzu ga yadda abin yake faruwa a nan. An yi addu'ar bakwai, an watse. 'Ya'ya sun iso, wannan daga Kano, wancan daga Jos, wani yana Legas sai ta waya ake jin sa. Sai wani dattijo abokin marigayin ya gyara murya ya ce, "Alhaji fa ya sha faɗa mini shagunan nan biyu na bakin hanya na Islamiyya ne." Sai ɗakin ya yi tsit. Can sai babban ɗa ya ce, "Baba, ba mu ƙi ta taka ba, amma mu bai faɗa mana ba." Wani ya ce akwai takarda? Babu. Shaida na biyu fa? Ya rasu bara. Sai mai wayon cikinsu ya kawo maganar da ke rufe bakin kowa: "Ai ko da ma akwai, in aka kai maganar nan kotu ko aka yi takarda, gwamnati ce za ta cinye. Gara mu riƙe, duk wata ma dinga ba makaranta wani abu." Wata uku ana ba da wani abu. Wata na huɗu sai a ce kasuwa ba daɗi. Bayan shekara biyu an sayar da shagon, an sayi mota.

Na ga irin wannan fiye da sau ɗaya, kuma ban taɓa ganin ma'aikacin haraji a ɗakin ba. An bar jaki ana dukan taiki. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ɗora zunubin canza wasiyya a kan wanda ya ji ta sannan ya canza, bai ce sai in an rubuta ba. Wanda ya san mahaifinsa ya faɗa, ya ɓuya bayan rashin takarda, ya sani wuta yake zuba wa cikinsa. Amma ba magada kaɗai zan kama ba.

Ku ma alhazanmu masu hali, da ku nake. Mutum yana da littafin bashi a shago, ya rubuta wanda ya karɓi buhun agushi biyu tun shekara uku da suka wuce, har da ranar. Amma a ce ya rubuta abin da zai tarar a kabari, sai ya ce ana yi masa fatan mutuwa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar yana nan a Muwaɗɗa da Buhari, yana hana mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Rubutu aka ambata, tun zamanin da takarda ke da wuyar samu. Kai da kake da biro a aljihu da waya mai ɗaukar hoto, mene ne uzurinka?

Akwai kuma wani kuskure da ya fi wannan yawa, wanda ko masu karatu yana cin su. Mutum da ransa da lafiyarsa zai ce, "Gidan hayan nan na yi hubusi da shi ga masallaci." Jama'a su yi kabbara. Amma shi ke karɓar haya, makulli na hannunsa, takardar fili da sunansa, har ranar da ya faɗi. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa abin ya fita daga hannun mai bayarwa. In ya mutu ba a yi hauzi ba, abin ya koma gado. Sai dai in a ciwon ajali ya yi, shi ne ake fitarwa daga sulusi. Saboda haka wani lokaci magadan da suka ce gidan nasu ne, a hukunce suna da gaskiya, Alhaji ne ya yi wa kansa asara. Ya sha yabo a duniya, ya tafi bai saki komai ba. In da gaske kake, saki makullin yau. In kuma kana bukatar hayar har ƙarshen ranka, ba laifi, rubuta shi wasiyya a cikin sulusi, ka sa shaidu biyu adilai waɗanda ba su kai ka tsufa ba.

Mu koma kan haraji, inda na ce zan dawo. Dabarar da ake taƙama da ita, ta barin shagon sadaka da sunan babban ɗa don a ɓoye wa gwamnati, ita ce ma take jawo haraji. A sabuwar doka naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin 100, yana hawa har ya kai kashi 25 ga wanda ya haura miliyan 50. To ɗauki ɗan da yake samun miliyan 2 a sana'arsa, aka bar masa shagunan Islamiyya da sunansa, hayarsu 600,000 a shekara. A idon hukumar haraji ta jiha wannan haya tasa ce, ba ruwanta da cewa ya miƙa wa malaman makaranta. Kashi 15 na 600,000 naira 90,000 ke nan. Daga ina zai cire? Daga kuɗin marayu, mana. Ranar da shi ma ya rasu kuma, 'ya'yansa za su tarar da takarda da sunan ubansu, shi ke nan an binne maganar hubusi tare da shi.

Alhali doka ta buɗe ƙofa. Tun tsohuwar doka har sabuwa, kuɗin da cibiyar addini ko ta ilimi ko ta jinƙai ta samu, matuƙar ta jama'a ce kuma ba daga kasuwanci kuɗin ya fito ba, an yafe masa haraji. Gudummawa da sadaka da wasiyya duk suna shiga nan. Abin da ake bukata shi ne cibiyar ta zama tana da suna a gaban doka. Ana yin wannan a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar 2020: a zaɓi amintattu, a rubuta tsarin mulki, a yi rajista. Daga nan masallaci ko makaranta na iya mallakar fili da sunanta, ta buɗe asusun banki da sunanta, ta kai ƙara da sunanta. Amintacce ya mutu a sa wani, dukiya na nan inda take. Masallatai nawa ne a unguwar nan suka yi? Islamiyyu nawa? Kuɗin yawancinsu yana asusun ma'aji ne na kansa, ko a cikin akwati a ɗakin liman.

Na san abin da za a ce. Za a ce rajista kuɗi ce, sai an biya lauya, sai an buga sanarwa a jarida. Haka ne. Amma lissafa abin da aka kashe a kan tayil da fanka da lasifika huɗu a masallacin da sahu uku ba ya cika. Za a ce kuma dokar 2020 ta ba hukumar ikon dakatar da amintattu, har shugabannin coci suka yi ta ƙorafi. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce dokar ba ta da aibi ba. Sai dai in ka auna haɗarin wani jami'i daga Abuja ya zo Adogi ya ƙwace Islamiyyar yara tamanin, da haɗarin ɗan marigayi ya sayar da shagonta, kowa ya san wanne ya fi kusa. Abin da wasu ke gudu a zahiri shi ne rajista tana zuwa da lissafi: a nemi lambar haraji, a rubuta shiga da fita, a miƙa bayani duk shekara ko da ba za a biya komai ba. Wanda ya saba kashe kuɗin masallaci babu mai tambaya, dole ya ga rajista kamar bala'i.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne kuɗin da ake biya a kotu. In mamaci ya bar kuɗi a banki ko fansho, ba a sakin su sai an kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar, kuma ana biyan kuɗi kafin a same ta, gwargwadon darajar abin da aka bayyana. Wannan yana da ciwo, ina cikin masu ganin a sassauta shi ga ƙananan dukiyoyi. Amma ku lura, ko an yi wasiyya ko ba a yi ba sai an biya shi. Ƙin rubuta wasiyya ba ya rage shi da sisi.

To shin gwamnati ta fita ke nan? A'a. Akwai rigimar gaske da ya kamata mu yi da ita, wadda muka bari muka tafi faɗa da inuwa.

Hubusi ba ya rayuwa sai da abin da yake haifarwa. Gonar Sayyidina Umar ta Haibara haka aka yi da ita, aka tsare asalin, ana ciyar da amfanin. Yau abin da ya fi gona a wajenmu shi ne shago da gidan haya. Amma doka ta ce yafiyar ba ta shafi abin da ya fito daga kasuwanci ba, kuma mai karɓar haraji yana iya tsayawa ya ce ba da haya ma kasuwanci ne. Nan ne ya kamata a ji muryar malamai da 'yan majalisarmu: a rubuta ɓaro-ɓaro cewa hayar kadarar hubusi mai rajista, wadda aka nuna ta tafi albashin malamai ko abincin marayu ko magani, babu haraji a kanta. Maƙwabtanmu Kirista ma suna da wannan bukata a makarantunsu da asibitocinsu, ba abin da zai hana mu tafi tare.

Sannan kamfani in ya ba da gudummawa ga cibiyoyin da doka ta amince da su, ana cire masa wani abu daga ribar da za a yi wa haraji. Ɗan kasuwa irina da ya fitar da zakka ya ƙara da sadaka, ba a rage masa ko kwabo. A Malesiya zakkar da Musulmi ya biya ta hannun hukuma ana cire ta kai tsaye daga harajinsa. A Ingila, inda ake karɓar harajin gado kashi 40 a kan abin da ya haura fam 325,000, duk abin da aka bar wa ƙungiyar jinƙai ba a taɓa shi, kuma wanda ya bar kashi 10 na dukiyarsa sadaka ana sauke wa sauran zuwa kashi 36. A Amurka kuwa, in dukiyar mamaci ta kawo kuɗi kafin a raba, ana cire abin da aka ba da sadaka daga lissafin haraji ne in takardar wasiyyar ce ta yi umarni da a bayar. In magada ne suka ga dama suka bayar, dukiyar ba ta samun wannan ragi. Ka ga har can ma takarda ce ke magana. Da muka tashi ihu a 2024, da wannan muka nema, da yanzu wataƙila muna da abin nunawa.

Kada kuma wani ya ce mu nan ba jihar shari'a ba ce, wai ba inda za a kai maganar. Gaskiya Nasarawa ba ta cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa shari'a, kuma Kano ta riga mu nisa, tana da hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Amma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi da sunansu a cikin hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, kuma muna da ita a Lafiya. Alƙali dai da hujja yake aiki. In ka je masa da "Alhaji ya taɓa cewa", ran magada ne zai yi fari.

Gargaɗi ɗaya ga masu zuwa wajen lauya. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Adesubokan da Yunusa, wadda ta taso daga Zariya, cewa wasiyyar da Musulmi ya rubuta bisa dokar Ingila ta 1837 tana nan daram ko da ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi irin Kaduna sun gyara dokarsu. Saboda haka in za ka rubuta, ka tafi da malaminka, a rubuta a fili cewa wasiyyar ba ta wuce sulusi ba, sauran kuma a raba bisa shari'a a mazhabar Maliku. A ambaci kadarar da iyakokinta, a ambaci sunan cibiyar kamar yadda yake a rajista, a faɗi ko asalin za a bayar ko hayar, a faɗi wanda zai kula. Iyayenmu mata ma haka. Tsohuwa mai awaki goma da 'yan kunnen zinariya tana da sulusinta, kuma nata ya fi saurin ɓacewa, don tun gawa na ɗaki ake buɗe adaka.

Mu a nan zama ya kawo mu. Kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau suka zo, da yawa filayenmu da takardar mai unguwa da shaidar baki aka saye su, 'ya'yanmu kuma rabinsu ba a nan za su tsufa ba. Wanda yake garin kakanninsa yana da dangi ɗari da za su tuna abin da ya faɗa. Kai wa gare ka? Dattawa biyar, kuma kowace shekara ana rage ɗaya.

Ga abin da nake nema daga kwamitin masallacin Juma'a kafin azumi mai zuwa. A sayi babban littafi mai bango, a ajiye shi wajen liman, duk mai wasiyya ko hubusi ya zo da shaidunsa a rubuta, a ba shi kwafi, a ajiye kwafi na biyu a wani hannu daban. A fara rajistar masallacin da Islamiyyar da ke jikinsa, a karanta wa jama'a abin da aka kashe. Sannan a tura wakilai fada. Mai Martaba Sarkin Lafiya, Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, ba wanda zai koya masa darajar takarda. A roƙe shi ya sa baki a yi irin wannan littafi a kowace gunduma, ya kuma taya mu kai maganar hayar hubusi gaban majalisar jiha. Kuɗin littafin da na fom ɗin farko ni zan biya, a aiko ma'aji shagona ranar kasuwa ya karɓa, ya zo da rasit.